Wane bolti ne zai ɗauki mai jiki in zai hau bishiyar farauta?

Toh malam, tambayarka in na taƙaita ta ita ce: kana da kilo 120, in ka haɗa da kayan sanyi da takalmi da jakar baya kana kaiwa wajen 130, kana so ka fara hawa bishiya don dakon barewa irin yadda ake yi a Amurka, wato a huda jikin bishiyar a zura bolti a tattaka a hau, abokan farautarka kuma duk bolti mai kaurin inci 3/8 da tsawon inci 6 suke amfani da shi, sun ce giredi 8 zaka nema, kai kuma wanda ka samu 8.8 aka rubuta a kansa, sannan wani ya tsorata ka cewa giredi 8 ba ya lanƙwasa, karyewa kawai yake yi. Shin 3/8 ɗin zai ɗauke ka?

Gajeriyar amsa, da ni ne kai ba zan tsaya a 3/8 ba, zan koma rabin inci giredi 8, ko M12 (kaurin milimita 12) mai lambar 10.9 in a ma'aunin milimita kake saye. Kuma wancan 8.8 ɗin da ke hannunka ba giredi 8 ba ne sam. Amma bari in nuna maka dalili, don in ka gane lissafin kai da kanka zaka iya yanke hukunci akan kowane bolti aka miƙo maka.

Inda yawancin mutane suke ruɗewa shi ne suna duba teburin ƙarfin bolti su ga an ce 3/8 giredi 8 sai an ja shi da nauyin da ya haura tan biyar kafin ya tsinke, sai su ce ai shikenan, ni nawa nake. Wancan adadin na ja ne, wato a kama kai da gindi a ja a miƙe. Kai kuwa ba jan bolti zakayi ba, rabinsa na cikin itace rabinsa na waje a iska ka ɗora ƙafa a kai, lanƙwasa shi kake ƙoƙarin yi, kuma ƙarfe siriri a wajen lanƙwasa ba shi da wannan jarumtar ko kusa. Kaga yadda makaniki yake zura faifu a bayan sufana in noti ya ƙi kwancewa, ƙarfinsa bai ƙaru ba amma nisan ya ƙaru sai notin ya sallama, to haka ƙafarka take yi wa boltin, duk yadda ta matsa nesa da ɓawon bishiya haka wahalar da ƙarfen ke sha a bakin ramin take ƙaruwa. In nisan ya ninka, wahalar ta ninka.

Yanzu lambobin kai. A tsarin Amurka mai suna SAE J429 ana gane giredi ne da ƴan layuka a saman kan boltin. Wanda ba shi da layi ko ɗaya giredi 2 ne, ƙarfe ne mai laushi na haɗa benci da shinge. Layi uku giredi 5. Layi shida giredi 8. A tsarin milimita kuma, ISO 898-1, lamba ake bugawa, 4.6, 8.8, 10.9, 12.9. Abin da ya dame mu a nan ba inda ƙarfen ke tsinkewa ba ne, inda yake fara lanƙwasar da ba ta komawa ne, kuma wannan iyakar a giredi 2 wajen megafaskal 390 ce (megafaskal shi ne ma'aunin matsin da ƙarfe ke ɗauka), a giredi 5 wajen 630, a giredi 8 wajen 900. Shi 8.8 iyakarsa 640, kaga kenan ɗan'uwan giredi 5 ne, takwas ɗin da ke jikinsa ce kawai take yaudarar mutane. Wanda yake tsaran giredi 8 shi ne 10.9, mai 940.

Mu ɗauka ƙafarka ta manne da bishiya, tsakiyar nauyinka yana faɗawa santimita 5 daga ɓawo, wanda shi ne kusan mafi kyawun da mai babban takalmin sanyi zai samu. A wannan nisan bolti 3/8 giredi 2 zai fara lanƙwasa a wajen kilo 68. Giredi 5 a wajen kilo 110, wato kai ka riga ka wuce shi tun kana tsaye cik ba motsi. M10 mai 8.8 a wajen kilo 128, daidai bakin gaɓa. Giredi 8 na 3/8 kuma wajen kilo 155. Zaka ce to ai 155 ya fi 130, eh ya fi, amma dubi ratar, kilo 25 ce kacal, kuma wannan lissafin na mutumin da ya hau a hankali ne ya sa ƙafa inda ya dace. Bari ƙafar ta zame zuwa kan boltin, santimita 9 daga ɓawo, wanda yakan faru da asuba cikin duhu ko in kana saukowa kana lalube da ƙafa, sai 155 ɗin nan ta sauko ta koma wajen 86. Sannan a ilimin injiniya sanannen abu ne cewa nauyin da aka saki a kan abu farat ɗaya yana yi masa aikin ninki biyu na wanda aka ɗora sannu a hankali, ko da ba daga sama ya faɗo ba. Ƙari akan haka itacen bakin ramin yana ɗan lotsawa, ɓawo kuma ba ya riƙe komai, don haka ainihin inda boltin ya dogara yana ɗan ciki, nisan gaskiya ya fi wanda ka auna da ido.

A yi adalci dai, fara lanƙwasa ba karyewa ba ne. Sandar ƙarfe mai zagaye tana da sauran ƙarfi bayan fatar wajenta ta fara sallamawa, sai nauyin ya kai kusan ninki 1.7 kafin ta naɗe gaba ɗaya, shi yasa zaka ga mutane masu kilo 100 da ɗoriya sun shekara da shekaru akan 3/8 giredi 8 ba abin da ya same su sai dai boltin ya ɗan sunkuya. Su abokan naka in masu kilo 75 ko 80 ne gaskiyarsu ne, a wajensu ratar tana da faɗi. Amma kai zaka riƙa cin wannan ajiyar ne kullum, ajiyar da ya kamata a bar ta don ranar da ƙafa ta zame, kuma bolti da ya sunkuya ƙasa ko ɗan kaɗan ya zama gangara, takalmi mai laka ko ƙanƙara sulɓewa zaiyi.

Abin daɗin shi ne kauri yana biya fiye da yadda ido ke gani. Ƙarfin jure lanƙwasa yana tafiya ne da kaurin sau kansa sau uku, don haka daga 3/8 zuwa 1/2, ƙarin da bai wuce milimita uku da ɗan abu ba, ƙarfin yana ninkawa kusan sau 2.4. Rabin inci giredi 8 a santimita 5 ɗin nan sai wajen kilo 365 yake fara lanƙwasa, a santimita 9 kuma wajen 200. M12 mai 10.9 wajen 325 a santimita 5. Akwai na tsakiya, 7/16, wajen 245, shi ma ya fi amma samun boltin da bakin hudarsa ya fi wuya, ni ban ga dalilin wahalar ba. Kaga bambancin, ƙarin giredi daga 5 zuwa 8 kashi 40 cikin 100 ya ba ka, ƙarin kauri taki biyu ya ba ka kashi 140. Kuma mai kauri ya fi zama da kyau a cikin itace don faɗin da yake danna itacen ya fi yawa, ramin ba ya saurin buɗewa, tafin ƙafarka ma zai gode maka in ka daɗe tsaye kana ɗaure dandamalin da zaka zauna a kai a saman bishiyar.

Farashin da zaka biya nauyi ne da wahalar huda. Bolti 3/8 mai inci 6 bai kai giram 100 ba, na rabin inci kuwa ya kusa ninka shi, in kana ɗaukar goma sha biyar ƙarin kilo ɗaya da ɗan wani abu kenan a jaka. Ƙananan na'urorin huda na hannu da ake sayarwa don wannan aikin yawancinsu 3/8 ne, don haka kai injin huda mai batir zaka nema da bakin huda katako na rabin inci, ka je ka shirya bishiyoyinka tun kafin lokacin farauta. Mutum mai kilo 120 da yake lissafin giram a jaka amma yake ɗora ransa akan siririn ƙarfe, inaga lissafin ya juye.

Batun cewa giredi 8 karyewa yake yi kamar gilashi, wannan magana ce da ta yaɗu amma ba ta da ƙafa. Ƙa'idar ta J429 ta ce dole giredi 5 ya iya miƙewa kashi 14 cikin 100 kafin ya tsinke, giredi 8 kuma kashi 12, tazarar ba wata babba ba ce. Nauyin da zai sa giredi 8 ya fara sunkuyawa ya riga ya sunkuyar da giredi 5 tuntuni. Inda maganar take da ɗan gaskiya shi ne a 12.9 da masu kama da shi, irin masu kai zagaye da ake ɗaurawa da alanki, waɗannan sun yi tauri sosai har in aka yi musu fentin zinki na lantarki iskar haidurojin na iya shiga ƙarfen ta sa ya tsage ba gargaɗi, tsatsa ma na iya jawo hakan, ga su kuma za su zauna cikin jiƙaƙƙen itace. Ni a 10.9 ko giredi 8 nake tsayawa, ban haura ba.

Sai tiredi, wato zaren da noti ke murɗawa a kai, kuma nan dan Allah ka kula sosai don nan ne mai bolti mai kyau yake iya cutar kansa. Inda aka yanka tiredi ƙarfen ya rage kauri, a 3/8 cikin tiredin bai wuce milimita 7.6 ba maimakon 9.5, da lissafin sau uku ɗin nan ƙarfin ya koma rabi kenan, ga kuma kowane kwarin tiredi wuri ne da tsaga take son farawa. Inda boltin ya fi shan wahala kuwa bakin rami ne. Don haka dole santsin jikin boltin ne zai kasance a bakin ramin, tiredin ya shige can ciki. Bolti na yau da kullum mai inci 6 na 3/8 tiredinsa inci ɗaya ne kawai a ƙarshe, na rabin inci mai tsawon inci 7 kuma inci ɗaya da rabi, in raminka ya kai inci biyu da rabi zuwa uku a cikin itace mai rai to ka tsira. Amma bolti mai tiredi tun daga kai har gindi, ko doguwar sandar tiredi da ake yankawa, kar ka kusance su ko da an rantse maka giredi 8 ne. Haka manyan sukurorin katako masu tsini da ake murɗawa, yawancinsu ƙarfe ne mai laushi marar giredi, kuma tiredinsu yana ƙarewa ne daidai inda bai kamata ba.

Wasu za su ce maka ka sayi wanda ba ya tsatsa. Yana da kyan gani amma wanda aka fi samu, mai alamar A2-70, iyakarsa 450 ce, rabin giredi 8. Taitaniyom nau'in Ti-6Al-4V ƙarfinsa ya kusa na giredi 8 kuma nauyinsa bai kai kashi 60 cikin 100 na ƙarfe ba, sai dai yana lanƙwasa ya dawo kusan ninki biyu na ƙarfe, mai jiki zai ji yana lilo a ƙarƙashinsa, kuma bai ƙara maka ratar komai ba in kaurin ɗaya ne, balle in ba ka san daga inda ya fito ba. Sandunan zaren kabon kuwa ba sa sunkuyawa su yi maka gargaɗi, in sun gaji fashewa suke yi, ƴar ƙujewa a jiki ma tana rage musu ƙarfi. A nauyinka ban ba ka shawararsu ba.

Ka duba kan boltin da kyau kafin ka biya, bayan layuka shidan ya kamata ka ga tambarin kamfanin da ya ƙera shi. Jabun bolti ba tatsuniya ba ce, a shekarun 1980 an gano su da yawa a Amurka har cikin kayan soja, abin da ya sa aka yi dokar ingancin bolti a 1990. Launin ruwan ɗorawa da kake gani a jikin giredi 8 fenti ne kawai na hana tsatsa, kowa na iya shafa shi. Ka saya a wajen dillalan kayan injina na gaske. Kuma in ka saya kar ka kai shi wajen mai walda ya ƙara masa wani abu, kar ka gasa shi da wuta don ka lanƙwasa kansa sama, ƙarfin giredi 8 daga gashi da sanyayawar da aka yi masa a masana'anta ya zo, zafin walda yana warware wannan aikin. In kana son riƙo a roba mai tsukewa ko tef mai kaushi ya isa, amma ka bar wajen bakin rami a buɗe don ka riƙa ganin tsatsa ko tsaga.

To ita bishiyar fa, don bolti komai kyansa itace ne ke riƙe shi. Mai rai, mai kauri, mai tauri irin su ok da hikori da mafal. Masu laushi irin fain da fofla raminsu yana buɗewa da sauri a ƙarƙashin mai nauyi, boltin ya fara kallon ƙasa, fain kuma ga ƙaro da ke cika ramin. Busasshiya ko mai rami a ciki ko mai naman gwari a gindi a bar ta, kuma a yankunan da wani ƙwaro ɗan kore mai suna emerald ash borer ya shiga bishiyoyin ash, wanda aka fara ganowa a Mishigan a 2002, ash ɗin da ya mutu yana yin gautsi da wuri ko da daga waje yana nan kamar lafiya. Lokacin huda ka dubi garin da ke fitowa, fari mai danshi da ƙarfi shi ake so, in ya fito baƙi ko ruɓaɓɓe ko bakin hudar ya faɗa ciki ba turjiya ka canza bishiya. Zurfin rami daga inda itace ya fara ake ƙirga shi, ɓawo ba ya cikin lissafi, bishiya mai kaurin ɓawo tana iya cinye maka inci guda. Ka ɗan karkata ramin yadda kan boltin zai ɗaga sama kaɗan, kuma bakin hudar ya zama daidai kaurin boltin, ya shiga da ɗan matsi ba yana rawa ba. Ramin bara kuma kar ka amince masa haka nan, ko ya tsuke ko bakinsa ya ruɓe, a sake bi da injin a duba.

Tazarar taki ma tana cikin maganar ƙarfi, ko da yake mutane ba sa haɗa su. In ka ware su da nisa don ka rage yawan boltin da zaka ɗauka, dole ka riƙa yunƙurawa da ƙarfi kana faɗawa kan na gaba, wancan ninki biyun kenan kake jawowa. Ni mai jiki ina ce masa ya tsaya wajen santimita 35 zuwa 40, ya tuna da kayan sanyi ƙafa ba ta ɗaguwa kamar da gajeren wando a lokacin zafi da ya yi hudar. Ka tura ƙafa har gefen takalmi ya taɓa ɓawo a kowane taki. Boltocin can sama su wuce tsayin dandamalin yadda zaka sauko kansa ne daga sama, ba ka haura shi da gwiwa ba.

Duk wannan lissafin bai maye gurbin igiya ba. Tun daga ƙasa kana sanye da ɗamarar tsaro ta jiki duka, da bel ɗin da ke zagaye bishiya irin na masu hawa turken lantarki, in ka kai sama ka ɗaura igiyar sama kafin ka kwance ta ƙugu, don yawancin faɗuwa a wajen hawa da sauka da tsallakawa kan dandamali take faruwa. In bishiyar da zaka riƙa komawa ce ka rataya doguwar igiya daga sama har ƙasa da ƙullin Prusik, mai damƙe igiyar in nauyi ya faɗa masa, da kake turawa kana hawa. Bel ɗin ƙugu shi kaɗai ba ya tsayar da faɗuwa nan take, kana iya sulalowa, kuma abin da ke jiranka a hanya ƙarafa ne a tsaitsaye, shi yasa ake son kai mai faɗi marar kaifi. Ka karanta takardar ɗamarar da ta dandamalin, da yawansu fam 300 aka rubuta, wajen kilo 136 kenan har da kaya, kai a 130 ka kusa bakin, akwai masu 350 da sama, su zaka nema. Bindiga ko baka da jaka kuma a bar su a ƙasa a jawo da igiya bayan ka zauna, bindigar ba harsashi a ciki, wannan ma ya rage wa boltin wani abu daga kilo goman nan.

Kafin ka huda komai ka duba dokar wurin, a filayen gwamnati na jihohi da yawa a Amurka an hana huda bishiya ko murɗa mata ƙarfe, a filin wani kuma sai da izinin mai shi don rami yana rage darajar katako. In lokaci ya ƙare ka cire boltinka, wanda aka bari itace yana haɗiye shi, wata rana mai zarto ya ci karo da shi.

In kayan sun iso ka gwada su a ƙasa tukuna. Ka huda irin bishiyar da zaka hau a tsayin gwiwa, ka sa kayanka duka, ka hau boltin da ƙafa ɗaya ka yi ta sukuwa a kai, a kusa da ɓawo sannan a can bakin kai, ka zare shi ka mirgina shi akan tebur mai santsi, in ya yi ɗingishi ko haske na wucewa ta ƙarƙashinsa to ya lanƙwasa. Ka yi wa 8.8 ɗin da ke hannunka wannan gwajin ka yi wa rabin incin, zaka ga bambancin da idonka. Wanda ya lanƙwasa jefar da shi ake yi, kar a miƙar da guduma a mayar jaka, kuma mirginawar nan ka maimaita ta ga kowane bolti a farkon kowace kakar farauta, duk wanda tsatsa ta fara ci masa jiki a wajen da yake zama a bakin rami shi ma ya bi sahu.